Mayhem da Kiɗan Bilak-Metal: Shekara Arba'in na Faya-fayai da Jinin da Ya Manne wa Sunan

Wanda ya saba zaga rumfunan gwanjo a Garwa, ko Marwa da Ngaundere, ya san baƙaƙen rigunan nan masu rubutu a sarƙe da ba ya karantuwa, wani lokaci da gicciye a kife ko kan bunsuru a tsakiyar tauraro. Cikin dila suke zuwa daga Turai, kuma galibin masu saye kaurin yadi da arha suka gani. A wayar salula kuma matasa kan ci karo da bidiyon wasu Turawa da suka shafe fuska da fari da baƙi, suna ƙaraji a kan dandali. Daga nan ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce ƙungiyar asiri ce ta masu bautar Shaiɗan da ke farautar yara. Wasu sun ce ado ne da wasa kawai, babu komai a ciki. Kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya ya saki saura. Hanya mafi sauƙi ta warware zaren ita ce a bi tarihin ƙungiya guda, wato Mayhem ta ƙasar Norwe, wadda aka kafa a 1984 kuma har yau tana kiɗa.

Ma'anar kalmomin

Metal reshe ne na kiɗan zamani da ake yi da jita mai amfani da lantarki, da wata jita mai kaurin amo, da jerin ganguna da mutum ɗaya ke kaɗawa da hannu da ƙafa. Ya tsiro a Ingila wajen 1970, inda ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Bamingham ke cikin na farko. Bilak-metal kuwa jikansa ne. Kalmar bilak, wato baƙi, duhu da tsafi take nufi a nan, ba ta da alaƙa da baƙar fata. Sunan ya fito daga wani faifai da ƙungiyar Venom ta Ingila ta saki a 1982, sai Bathory ta Suwidin da Hellhammer ta Suwizalan suka ƙara masa kaifi.

Ana gane shi da abubuwa kaɗan. Ana kaɗa jita da sauri har sautin ya haɗe ya zama zugugu ɗaya, kamar saukar ruwan Agusta a kan kwanon ɗaki. Ganguna ba sa numfasawa. Mawaƙi ba ya rera waƙa da daɗin murya, kururuwa yake yi daga maƙogwaro. Kuma da gangan ake barin ɗaukar sautin da ƙura-ƙura, domin masu wannan kiɗa suna ɗaukar tsaftataccen sauti a matsayin neman kasuwa. Batutuwan waƙoƙin su ne mutuwa, duhu, sanyin daji, addinin gargajiyar arewacin Turai, da adawa da Kiristanci.

Faifai a nan yana nufin kundin waƙoƙi da ake saki lokaci guda a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai babba, mai kusan minti 40 ko fiye, akwai ƙarami. Jerin faya-fayan ƙungiya shi ne tarihinta na gaskiya, domin a nan ake jin abin da ta yi da hannunta, saɓanin abin da aka faɗa a kanta.

Daga 1984 zuwa 1991

Samari uku ne 'yan makaranta daga Langhus, kudu da birnin Oslo, suka kafa Mayhem: Øystein Aarseth mai jita, wanda ya raɗa wa kansa Euronymous, da Jørn Stubberud da ake kira Necrobutcher, da makaɗin ganga Kjetil Manheim. A 1987 suka fitar da ƙaramin faifai mai suna Deathcrush, kofi dubu ɗaya kacal a bugun farko. Bai kai minti 20 ba, kiɗan ɗanye ne, kuma ya fi karkata ga labaran jini irin na finafinan ban tsoro. Abin lura shi ne gajeren kiɗan da ya buɗe faifan na Conrad Schnitzler ne, wani Bajamushe makaɗin na'ura da ba ruwansa da metal. Tun daga ranar farko ke nan akwai son gwaji a jinin ƙungiyar, abin da masoyanta da yawa suka manta daga baya.

A 1988 mutum biyu suka shigo: Jan Axel Blomberg, wanda ya ɗauki laƙabin Hellhammer, a kan ganga, da mawaƙi ɗan Suwidin, Per Yngve Ohlin, da ake kira Dead. Ohlin ne ya ba shafa fuskar nan ma'anar kamannin gawa, kuma shi ya rubuta yawancin baitocin da suka yi wa ƙungiyar suna. Yaro ne da ke fama da ciwon damuwa mai tsanani, kuma waɗanda ke kewaye da shi ba su nema masa magani ba. Ranar 8 ga Afrilu 1991 ya kashe kansa yana da shekara 22. Euronymous ya ɗauki hoton gawar kafin ya kira 'yan sanda, ya kuma mai da mutuwar abin tallata ƙungiya. Wannan ya sa Necrobutcher ya fice cikin fushi. Duk wanda zai yi maganar gadon Mayhem ya kamata ya tsaya a nan: mutuwar maras lafiya ce aka sayar a matsayin jarunta. Muryar Ohlin ta fi fitowa a wasan da suka yi a Leipzig ta Jamus a Nuwamba 1990, wanda aka saki a faifai a 1993.

Gobara da kisa

A 1991 Euronymous ya buɗe shagon sayar da faya-fayai a Oslo mai suna Helvete, wato Jahannama a harshensu. Shagon ya zama matattarar wasu samari ƙalilan, mafi yawansu tsakanin shekara 17 da 25. Ranar 6 ga Yuni 1992 aka ƙona cocin Fantoft kusa da Bergen, ginin katako da aka fara yi wajen shekarar 1150. Wasu suka biyo baya, har da na Holmenkollen a Oslo. Tsakanin 1992 da 1996 an kai wa majami'u kusan 50 hari da wuta a ƙasar. A Agusta 1992 makaɗin gangar ƙungiyar Emperor, Bård Eithun, ya kashe wani mutum a Lillehammer, aka yanke masa shekara 14.

Ranar 10 ga Agusta 1993 Varg Vikernes, mai ƙungiyar mutum ɗaya da ake kira Burzum, wanda a lokacin yake kaɗa wa Mayhem jita mai kaurin amo, ya daɓa wa Euronymous wuƙa har lahira a gidansa da ke Oslo. Mamacin yana da shekara 25, wanda ya kashe shi 20. A Mayu 1994 kotu ta ɗaure Vikernes shekara 21, hukunci mafi tsanani a dokar ƙasar a lokacin, bisa kisan da ƙona wasu majami'u. Ba a same shi da laifin Fantoft ba. An sake shi a 2009.

Wannan labari bai yi wa arewacin Kamaru nisa kamar yadda ake zato ba. Cocin Lutheran da samarin nan suka ɗaura wa yaƙi shi ne gidan da 'yan mishan ɗin Norwe suka fito, waɗanda suka sauka Ngaundere a 1925. Asibitin da suka kafa a can har gobe jama'a na kiransa na 'yan Norwe, kuma Musulmi da Kirista duk suna zuwa magani. Sannan mutanen da suka ga abin da Boko Haram ta yi wa wuraren ibada a yankin Fotokol da Kolofata ba sa bukatar a faɗa musu cewa cinna wa ɗakin ibada wuta ba wasan yara ba ne, ko da wane suna aka yi shi.

Me ya jawo haka?

Masu nazari ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Wasu sun ɗora abin a kan yanayin ƙasar. Norwe ta yi arziki bayan gano man fetur a 1969, rayuwa ta zama lafiya lau, kuma kusan mutum tara cikin goma na da rajista da cocin gwamnati a farkon shekarun 1990, ko da ba sa zuwa ibada. Saurayin da ke neman abin da zai bijire wa, coci ne ya fi kusa da hannunsa. Wasu sun kawo tarihi: an shigar da Kiristanci ƙasar ne da ƙarfin sarauta wajen shekara ta 1000, a zamanin sarakuna biyu masu suna Olaf, don haka wasu makaɗan suka ce fansar addinin kakanninsu suke ɗauka. Wannan hujja ta fi fitowa ne bayan an kama su.

Bayani na uku ya fi gamsarwa. Ƙaramar da'ira ce ta samari da ke gasar nuna wa juna wane ne na gaske, wane ne na bogi. Euronymous ya yi ta furta munanan kalamai don jan hankali, wasu suka ɗauki maganar suka aikata, jaridu kuma suka hura wutar, musamman hirar da jaridar Bergens Tidende ta buga a Janairu 1993 da babban labarin mujallar Kerrang! ta Ingila a Maris na shekarar. Shari'ar da aka yi ba ta bankaɗo wata ƙungiyar asiri mai rassa a duniya ba. Abin da ta nuna shi ne tsirarun matasa da suka aikata manyan laifuka, ga kuma rikicin kuɗi da kishi a tsakaninsu.

Faya-fayan da yadda suka yi ta sauya fuska

Babban faifan Mayhem na farko, De Mysteriis Dom Sathanas, ya fito a Mayu 1994, watan da aka yanke wa Vikernes hukunci. Waƙa takwas ne, an ɗauke su a zauren Grieghallen na Bergen, kuma hoton babban cocin Nidaros na Trondheim ne a bangon. Attila Csihar, ɗan ƙasar Hangari, shi ya yi murya, ta wata siga da ta saɓa wa kururuwar da aka saba: gurnani, nishi, da jan murya irin na mai addu'ar makoki. A cikin faifan ana jin jitar wanda aka kashe tare da ta wanda ya kashe shi. Iyalan Euronymous sun nemi a cire hannun Vikernes, amma ba a cire ba. Ta fuskar sana'a, wannan faifai ne ya kafa ma'aunin da dubban ƙungiyoyi suka bi. Ta fuskar saƙo kuwa, sunansa da baitocinsa a fili suke, ba wanda zai ce wa mai imani babu abin ƙyama a ciki.

Kowa ya ɗauka an gama. Sai a 1995 Hellhammer ya sake tara mutane: Necrobutcher ya dawo, tsohon mawaƙinsu Maniac ya dawo, aka kawo sabon mai jita, Rune Eriksen, da ake kira Blasphemer. Shekara goma sha uku da Eriksen ya yi su ne lokacin da ƙungiyar ta fi yin nisa da asalinta. Ƙaramin faifan Wolf's Lair Abyss na 1997 ya zo da sauri da zafi, sunansa kuma yana tuna sansanin Hitler na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya ƙara wa ƙungiyar zargi.

Grand Declaration of War na shekarar 2000 shi ne ya fi raba kan masoya. Sautin ya fito tas, babu ƙurar da aka saba. Ganga ta koma irin ta faretin soja, mawaƙi yana jawabi kamar mai shela maimakon kururuwa, har da waƙa guda da aka gina kan na'ura. Tunanin da ke ciki ya fi kusa da rubuce-rubucen masanin falsafar Jamus Nietzsche fiye da labaran tsafi. Da yawa sun ce an ci amanar Euronymous. Shekaru bayan haka aka soma yi masa kallon aikin da ya riga zamaninsa, har aka sake tace shi aka fitar a 2018. Ko mutum ya so shi ko ya ƙi, a wannan faifan ne ƙungiyar ta nuna ba ta son ta rayu da cin gajiyar gawarwaki kaɗai.

Chimera na 2004 ya dawo da kiɗan kan miƙaƙƙiyar hanya. A shekarar Csihar ya koma bakin aiki, kuma a 2007 aka saki Ordo Ad Chao, mai sauti a dagule kamar daga ƙarƙashin ƙasa, waƙoƙin ba su da amshi ko tsarin da kunne zai riƙe. Shi ne mafi wuyar sauraro a jerin, amma shi ya ci kyautar Spellemann, babbar lambar yabon kiɗa ta Norwe, a rukunin metal. Eriksen ya tafi a 2008. Esoteric Warfare na 2014, wanda sabon mai jita Teloch ya tsara, ya koma kan makaman ƙare-dangi da gwaje-gwajen sarrafa tunanin mutum na zamanin Yaƙin Cacar Baka. Bayan sun shafe lokaci suna zagaya duniya da kaɗa faifan 1994 daga farko har ƙarshe, sai Daemon ya fito a 2019 da salon da ya waiwayi wancan zamani. A 2021 kuma suka saki ƙaramin faifai da ya ƙunshi waƙoƙin tsofaffin ƙungiyoyin kiɗan punk irin su Ramones da Discharge.

Manyan faya-fayai shida ke nan cikin shekara 25, daga 1994 zuwa 2019, kuma da wuya a sami biyu a jere da suka yi kama da juna. Wanda ya ce duk abin da Mayhem ta yi bautar Shaiɗan ce bai saurari rabin aikinta ba. Wanda kuma ya ce ba ta taɓa yin hakan ba, bai duba bangon faifan farko ba.

Suna na wa ne?

A kiɗan Hausa suna na mutum ne. Akwai uban kiɗa, akwai 'yan amshi da makaɗa. Da Mamman Shata ya rasu a 1999, ba wanda ya ci gaba da fitar da sababbin waƙoƙi a matsayin Shata. 'Ya'yan Musa Ɗanƙwairo sun gaji sana'ar, amma kowa ya san gado ne. A tsarin Turawa suna na ƙungiya ne, mutane na shiga suna fita. Cikin ukun da suka kafa Mayhem, Necrobutcher kaɗai ya rage, shi ma ba ya cikin faifan 1994. Saboda haka har yau akwai masu cewa Mayhem ta gaskiya ta mutu a 1993, abin da ya biyo baya wata ƙungiya ce da ta ari rigar. Masu kare ta na cewa Hellhammer na nan tun 1988, Csihar kuma muryar faifan farko ce, kuma shekarun da aka yi bayan Euronymous sun ninka waɗanda aka yi da shi sau uku.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

A Norwe kanta, abin da ya kasance abin kunya ya zama hajar fitarwa. An sake gina cocin Fantoft aka gama a 1997. Tun 2001 ake bikin Inferno a Oslo kusan duk shekara, baƙi na zuwa daga ƙasashe da dama. A 2011 ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta soma yi wa sababbin jami'an jakadanci bitar wannan kiɗa, saboda yawan tambayar da ake yi musu a waje. A 2021 aka ba Mayhem lambar girmamawa ta Spellemann. Masu suka na ganin an wanke laifi da sabulun kasuwa, kuma littafin Lords of Chaos na 1998 da fim ɗin da aka yi daga gare shi a 2018 sun ƙara mai da kisa da ƙone-ƙone abin sha'awa.

A ƙasashen Musulmi martanin ya bambanta. A Janairu 1997 'yan sandan Masar sun kama matasa da dama masu sauraron metal bisa zargin bautar Shaiɗan, daga baya aka sake su. A 2003 wata kotu a Kasablanka ta Maroko ta ɗaure mutum 14, makaɗa da masoya, abin da ya jawo zanga-zanga har aka sassauta. A 2006 majalisar fatawa ta Malesiya ta haramta bilak-metal. Darasin Masar da Maroko shi ne an haɗa mai baƙar riga da mai saɓo a kwando ɗaya. Amma kuma akwai irin Al-Namrood ta Saudiyya, da aka kafa a 2008, wadda ke ɓoye sunayen mutanenta saboda adawarta da addini a fili take. Damuwar malamai ke nan tana da tushe.

Muhawarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. An daɗe ana tambaya ko waƙoƙin Gambu mai waƙar ɓarayi suna zuga sata ne ko suna tona asirinta, kamar yadda aka daɗe ana jayayya kan garaya da goge a wasan bori. Tambayar ɗaya ce: laifin na kayan kiɗa ne, ko na abin da aka ɗora musu? A cikin bilak-metal ma an gwada amsawa. Tun 1994 wani ɗan Ostireliya ya saki faifai da sunan Horde, da sautin nan sak amma da saƙon Kiristanci, kuma Antestor ta Norwe ta bi wannan hanya. Malaman da ke ganin kayan kiɗan kansu haramun ne ba za su gamsu da wannan rarrabewa ba, kuma matsayinsu sananne ne tun kafin a haifi metal.

Abin da ya shafi Garwa da maƙwabta

Kunnen arewacin Kamaru ya saba da jita ta hannun irin su marigayi Ali Baba ɗan Garwa da Isnebo na Faadah Kawtal, ga waƙoƙin Fulatanci da na Kannywood da ke cika kasuwa da tasha. Bilak-metal ya yi nisa da wannan ɗanɗano, don haka da wuya ya zama kiɗan jama'a. Abin da ya fi yiwuwa shi ne tsirarun matasa su same shi ta intanet. A wasu sassan Afirka metal ya riga ya yi saiwa: Botsuwana na da Wrust da Skinflint, Kenya na da Duma, Togo kuma na da Arka'n Asrafokor da ke haɗa shi da gangunan gargajiya da harshen Ewe. Waɗannan sun ɗauki ƙarfin sautin suka zuba masa nasu labarin.

Haɗari biyu ne suka fi cancantar kulawar iyaye da malaman makaranta. Na farko, yadda ake ƙawata mutuwar Ohlin a intanet na iya cutar da yaron da tuni yake cikin damuwa. Irin wannan yaro jan sa a jiki da kai shi asibiti yake bukata, kafin a zo maganar abin da yake saurare. Na biyu shi ne wariyar launin fata. Akwai wani reshe na wannan kiɗa da ke ɗaukaka aƙidar Nazi ƙarara. Hellhammer ya taɓa furta kalaman wariya a hirarrakin shekarun 1990, ko da yake ƙungiyar ta sha cewa ba ta siyasa. Vikernes kuwa bai ɓoye ba: a 2014 wata kotu a Faris ta same shi da laifin hura ƙiyayya ga Yahudawa da Musulmi. Saurayin da ya ɗauki riga mai sunan Burzum a rumfar gwanjo, sunan wannan mutumin yake yawo da shi a ƙirjinsa, kuma ya cancanci a sami wanda zai faɗa masa kafin ya biya kuɗin.